Shugabannin Amurka a ma'aunin 'yan kasuwa: wa ya cika mudu, wa ya tauye?

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san babu abin da ke haifar da gardama kamar jiran mota a bakin iyaka. Kaya na bisa tirela, takardu na hannun 'yan duwan, ba gaba ba baya, sai a taru a teburin mai shayi a kunna rediyo. A irin wannan zama ne muka tarar da 'yan kasuwa a Ɗan Issa suna ta ka-ce-na-ce a kan tambaya guda: cikin shugabannin da suka mulki Amurka, wa ya fi kowa kirki, wa kuma ya fi kowa ɓarna? Da muka koma gidan rediyonmu muka jefa tambayar a filin da masu saurare ke bugo waya, layi bai huta ba har lokacinmu ya cika.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada. Akwai ruwa kuwa. Da dalar Amurka ake saro kaya daga Dubai da ƙasar Sin (ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba), kuma duk ranar da ta tashi mai shago a Konni ko Jibiya ne zai fara ji a jikinsa. 'Yan canji ma sun tuna mana cewa Richard Nixon ne ya raba dala da zinariya a 1971, shekara 3 kafin abin kunyar Watergate ya tilasta masa yin murabus.

Bari mu fara da yadda su masu abin suke auna nasu. Tun daga 1789 mutum 45 ne suka hau kujerar. A 2021 tashar talabijin ta C-SPAN ta tambayi masana tarihi fiye da 140, inda suka sa Abraham Lincoln a sahun farko, sai George Washington, sai Franklin Roosevelt. Lincoln ne ya hana ƙasar wargajewa a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, ya ayyana 'yanta bayi a 1863, daga baya aka harbe shi. Washington kuwa, duk da cewa shi kansa yana da bayi, ana girmama shi saboda ya yi wa'adi biyu ya sauka da ƙafarsa a 1797 alhali ba dokar da ta hana shi zarcewa. Mu da muka san kalmar tazarce a ɓangarori biyu na iyakar nan ba ma bukatar a yi mana fashin baƙi. Na ƙarshe a jerin shi ne James Buchanan, wanda ya naɗe hannu yana kallo jihohi 7 suka ɓalle kafin ya bar mulki.

To, amma a teburin mai shayi ba wanda ya san Buchanan. Ma'aunin kasuwa daban ne: me ya iso gare mu daga hannun mutumin nan, alheri ko akasinsa? A nan ne lissafi ya rikice.

Da aka zo maganar wanda ya fi ɓarna, bakin jama'a ya kusan zama ɗaya a kan George Bush ƙarami, kuma ba sai an tambayi dalili ba. Yaƙin Iraƙi ne, wanda ya ƙaddamar a watan Maris na 2003 bisa hujjar cewa Saddam Hussein na ɓoye makaman ƙare dangi, makaman da ba a taɓa gani ba, yaƙin da ya ci dubun dubatar rayuka. Mu 'yan Nijar muna da ƙarin namu haushin. Idan mai karatu bai manta ba, a jawabinsa na ranar 28 ga Janairun 2003 Bush ya faɗa wa majalisa cewa Saddam ya nemi sayen yuraniyom daga Afirka. Bai kama sunan Nijar ba, amma kowa ya san inda aka dosa, domin akwai wasu takardu da ke yawo masu nuna wai an ƙulla cinikin da Yamai. Tun a 2002 an turo tsohon jakada Joseph Wilson ya zo ya bincika, ya koma ya ce bai ga alamar cinikin ba. A watan Maris na 2003 kuma shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Muhammad El-Baradei, ya bayyana cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga ciki ma tana ɗauke da sunan ministan harkokin wajen da ya bar kujerar fiye da shekara 10 kafin ranar da aka rubuta a kanta. Duk da haka aka tafi yaƙi.

Ana cikin wannan ne wani malamin asibiti mai ritaya ya bugo waya ya dagula mana lissafi. Ya ce mu koma mu duba wannan jawabi dai na 28 ga Janairu. Mun duba, kuma gaskiyarsa. A cikinsa ne Bush ya sanar da ware dalar Amurka biliyan 15 cikin shekara 5 domin yaƙi da cutar sida, shirin da aka sani da PEPFAR, wanda gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ya ceto rayuka miliyan 25, galibi a Afirka. A 2005 ya ƙara da shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda daga baya ya iso Najeriya da Nijar da gidajen sauro da magunguna. 'Yan uwanmu na zango a Ankara sun san babban titin da aka raɗa wa sunansa. Baki ɗaya, dare ɗaya, ya fito da ƙaryar da aka jingina wa ƙasarmu da kuma maganin da ya raya ɗimbin jama'armu. Malamin ya tambaya a wane mudu za a zuba wannan mutum, ba wanda ya ba shi amsa, mu ma ba mu ba shi ba.

Lamarin Barack Obama ya zo a juye. Ba shugaban Amurkan da aka yi murnar zaɓensa a kasuwanninmu kamarsa a 2008. Hotonsa ya hau riguna da kalanda da bayan motoci, an sayar an ci riba. Masanan C-SPAN sun ba shi matsayi na 10, nesa da Bush da ke na 29. Sai dai direbobin da suka yi zamani a hanyar Agadas zuwa Sabha ba su yarda da wannan lissafi ba ko kaɗan. A cewarsu, kafin 2011 Libiya ce gonar talaka: matashi ya je ci-rani ya aiko da kuɗi gida, motoci su tafi da dabbobi su dawo da taliya da barguna da dabino. Da jiragen NATO suka shiga, aka kashe Gaddafi a watan Oktoban 2011, dubban 'yan ci-rani suka dawo hannu rabbana, rumbunan makamai suka fashe, shekara na zagayowa arewacin Mali ya kama da wuta. Gaskiya ne Faransa da Ingila ne suka ja gaba a wannan yaƙi, amma ba da yardar Amurka da jiragenta ba da bai yiwu ba. Shi kansa Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskurensa mafi girma. Amsa laifi abu ne mai kyau, sai dai ba ya mayar da bindiga rumbu. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya ƙara da cewa shekara 8 mutumin ya yi, ya je Ghana a 2009, amma bai taɓa taka Najeriya ko Nijar yana shugaba ba, abin da ya turo mana a 2013 jirage ne marasa matuƙa.

Sauran an bi ta kansu da sauri. John Kennedy ya sami ƙuri'ar tsofaffi saboda gadar Yamai mai sunansa da aka buɗe a 1970, da kuma matasan Peace Corps da suka zauna a ƙauyukanmu suka iya Hausa. Bill Clinton ana tuna ziyararsa ƙauyen Ushafa kusa da Abuja a 2000 da dokar AGOA ta wannan shekara, ko da yake da muka tambaya ko akwai wanda ya taɓa tura ko da buhu ɗaya Amurka ta wannan ƙofa, dariya aka yi. Ba a kuma manta ya yi shiru lokacin kisan ƙare dangin Ruwanda a 1994 ba. Ronald Reagan ya sha suka kan ruwan bama-baman Libiya a 1986 da ƙin sa hannu kan takunkumin da majalisa ta ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Donald Trump kuwa ya raba kan matasa: wasu na cewa gara mai faɗa maka ƙiyayya a fuska da mai yi maka murmushi, wasu na nuni da dakatar da tallafin ƙetare da rufe hukumar USAID da ya yi a 2025, wato ya taɓa ainihin abin da ake yaba wa Bush.

In da za a tilasta mana jefa ƙuri'a, mu dai Jimmy Carter za mu ba, kuma mun san za a yi mana gardama. Amurkawa sun kayar da shi a 1980 bayan wa'adi ɗaya saboda tsadar rayuwa da garkuwar da aka yi da ma'aikatan ofishin jakadancinsu a Tehran har kwana 444, masana ma na 26 suka ajiye shi. Amma shi ne ya kawo ziyarar aiki Legas a 1978, kuma bayan saukarsa ya kafa cibiyar da ta sa kurkunu a gaba tun 1986. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta kwana shekara a jiki, sannan ta fasa ƙafa ana jan ta da tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, kuma ta fi kwantar da mutum daidai lokacin noma. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke fama da ita. Ba allura ba ƙwaya, da ƙyallen tace ruwa da wayar da kai gida-gida aka yi aikin, Janar Yakubu Gowon na cikin waɗanda suka riƙe shi a Najeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da cutar, a 2024 kuma waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai 20 ba.

Wani mai sayar da kayan babur ya ce wannan maguɗi ne, tambaya a kan mulki aka yi, aikin kurkunu kuwa bayan mulki ne. Yana da hujja, ba mu musa ba.

Wayar ƙarshe da muka ɗauka ta wata hajiya ce mai fataucin man gyaɗa tsakanin Magarya da Maigatari. Ta ce ita ba ta san sunan ko ɗaya cikinsu ba, amma mahaifinta damina uku ya yi a kwance da kurkunu, su ne suka yi ta noman gonar suna yara. Ta nemi mu maimaita mata sunan mutumin, muka maimaita. Sai ta tambaya ko yana raye. Muka shaida mata ya rasu ranar 29 ga Disamban 2024, yana da shekara 100.