Shugaban Makaranta da Rabon Ɗalibai a Tafo

Tun daga watan Satumba na 2017, da gwamnatin Ghana ta ɗauke wa iyaye nauyin kuɗin makarantar sakandare, 'ya'yan talakawan Zangon Tafo suka sami shiga ajin da a dā sai mai hali, har yawan ɗalibai ya tilasta wa hukuma, a 2018, ta raba su rukuni biyu a makarantu da dama, wasu na karatu wasu na hutu. To, da yake manhaja ɗaya ce a faɗin ƙasa, jarrabawar WASSCE kuma ɗaya ce ga ɗan makarantar Osei Kyeretwie da ɗan makarantar Al-Azhariya da ɗan kowace makaranta a Kumasi, wajibi ne mai hankali ya nemi dalilin da ya sa sakamako yake bambanta. Kuma lalle babban kaso na wannan dalili yana ofishin shugaban makaranta.

Akwai shugaba mai kama-karya, wanda ba ya neman ra'ayin kowa, maganarsa yankan wuƙa ce. Makarantarsa takan yi tsit, amma malamai sukan yi aikin ganin ido, su ɓoye masa aibin da ya kamata ya sani, har sai jarrabawa ta tona asiri. Akwai kuma mai sakaci, wanda ya sakar wa kowa mara saboda gudun ɓacin rai, sai a ga malami ya rattaba hannu a littafin zuwa aiki da safe, kafin azahar ya sulale, yara kuwa suna zaune allo babu rubutu.

Amma shugaban da ya riƙi aikinsa amana, ya haɗa shawara da tsare gida, shi ne yake tsayawa a bakin ƙofa da sassafe yana ganin mai makara, ya shiga aji ya zauna a bencin baya yana sauraron darasi, ya buɗe littattafan yara ya ga ko an duba aikin gida, sa'an nan ya kira malami gefe ya yi masa nasiha ba tare da tozarci ba. Ya san cewa ƙofar jami'a ba ta buɗuwa ga wanda ya kasa kai matakin C6 na WASSCE a Turanci da Lissafi, saboda haka ba ya jira sai shekarar ƙarshe kafin ya gano masu rauni a cikinsu. Ya kuma san halin ɗan Zango, wanda yake Hausa a gida, Twi a kasuwa, Turanci a aji, ga karatun Alƙur'ani, ga yarinya da take taya uwarta sana'a kafin ta ɗauki jaka. Don haka yakan nemi iyaye da limamai su daidaita lokaci, domin kada ilmin addini da na zamani su zama kishiyoyi.

Haƙiƙa shugaba ba zai gina aji da fatar baki ba, ƙarancin littattafai kuma ba laifinsa ba ne. Sai dai yadda ake amfani da ɗan abin da ke hannu, wannan a wuyansa yake. Saboda haka ya kamata iyayen Tafo su riƙa halartar taron iyaye da malamai, su tambayi shugaba cikin ladabi ko malamai suna shiga aji a kan lokaci, da kuma abin da ya tanadar wa yaron da aka bari a baya.