Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro: abin da ya kamata iyaye su sani

A watan Disamban 2024 Najeriya ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aka soma da jihohin Kebbi da Bayelsa. Sunanta R21, kuma masana a Jami'ar Oxford ta Ingila ne suka ƙirƙiro ta.

Sau huɗu ake yi: yaro yana wata 5, da 6, da 7, sai wata 15. Ta huɗun ce abin lura. Tazararta da nisa, uwa na iya sha'afa, alhali wannan allurar ce ke sabunta kariyar.

Allurar rage kamuwa take yi, ba ta hanawa ɗungurungum. Don haka kada a naɗe gidan sauro, kuma idan jikin yaro ya yi zafi, a gwada jininsa kafin a ba shi magani.