Ciwon Idon da Ba Ya Jiran Gobe

Ɗan'uwa mai karatu, in ƙafa ta karye ana ɗori, amma in ido ya mutu, shi ke nan. Ba kowane ciwon ido ke da haɗari ba. Sai dai akwai wanda in ka kwana da shi gida, ka makara. To, ga yadda za ka gane shi.

Na farko, abu mai ƙuna ya shiga ido: ruwan batir, siminti, maganin ƙwari na gona, nonon tumfafiya, ko tofin kumurci. A nan, ruwa za ka fara nema kafin likita. Ɗauki buta da ruwa mai tsabta, ka buɗe idon da yatsu, ka yi ta zubawa har minti 20. Ka karkata kai, kada ruwan ya gangara cikin ɗaya idon. Daga nan sai ku kama hanya.

Na biyu, rauni. In ƙaya, ko tsinke, ko ɓarɓashin ƙarfe ya soki ido ya kafe, kada ka cire, kada ka murza. Kifa ƙaramin kofi bisa idon, ka ɗaure da ƙyalle, ba tare da ka danne shi ba. Likita ne zai fitar.

Ka kula da lokacin girbi. Ganyen hatsi yakan karce baƙin ido. In idon ya kwana ja, yana hawaye, ba ya son rana, ko ka ga farin ɗigo, to gyambo ya soma. In an bar shi, hakiya ce ƙarshensa.

Na uku, gani ya ɗauke farat ɗaya, ko kuwa kamar an saki labule gefen ido. Ko babu zafi, tashi ka tafi ran nan. Haka nan in ido ya yi ja da zafi mai tsanani, da ciwon kai, da amai, kana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Ruwan cikin ido ne ya rasa hanyar fita, yana danne jijiyar gani. In ta mutu, ba ta dawowa.

Na huɗu, yara. Jinjirin da bai cika wata ɗaya ba, idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, a kai shi nan take. Haka ma yaro mai ƙyanda da ya ƙi buɗe ido: bitamin A da likita ke bayarwa yana tsare masa gani.

Kada ka sa nono, ko kwalli, ko ruwan ganye cikin ido mai ciwo. Kada ka sayi maganin ɗigawa wurin ƴan tebur, don wani yana ƙara cin gyambon.

Je gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka wurin likitan ido a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Kada ka ce: "Bari in gama girbi tukuna." Hatsi yana jira kwana biyu, ido ba ya jira.

Tambayoyi

1. Me za ka fara yi in siminti ya shiga idon wani?
2. Don me ba a cire abin da ya soki ido a gida?
3. Wane jinjiri ne za a kai wurin likita nan take?