Mubi: Inda Hayaniyar Intanet Ba Ta Auna Farin Jinin Ɗan Takara

A ofisoshin gwamnati da ke Abuja an saba auna farin jinin ɗan takarar shugaban ƙasa da yawan ambatonsa a dandalin X, wanda a da ake kira Twitter. Hadimin minista ko na sanata yakan duba abin da ke tashe da safe, ya rubuta rahoto, ya miƙa wa maigidansa kafin azahar. Sai dai wannan ma'auni yana gazawa tun kafin ya isa Mubi, garin kasuwancin nan da ke arewacin Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru.

Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ya isa misali. A wancan lokaci magoya bayan Peter Obi na jam'iyyar LP ne suka fi kowa murya a Twitter, kuma a Abuja murya da ƙuri'a sun zo daidai, domin Obi ya lashe Babban Birnin Tarayya da ƙuri'u sama da 281,000. A Adamawa kuwa labarin ya sha bamban. Atiku Abubakar na PDP, ɗan asalin jihar, ya samu ƙuri'u 417,611, Bola Tinubu na APC ya samu 182,881, Obi ya tashi da 105,648, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma 8,006.

Ko ƙuri'un da Obi ya samu a jihar, kuskure ne a jingina su ga Twitter kaɗai. Tun a watan Yulin 2022, lokacin da APC ta tsayar da Musulmi biyu, Tinubu da Kashim Shettima, muhawara ta kaure a arewacin Adamawa, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya. Tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal, ɗan Hong, da Ishaku Abbo, sanatan Adamawa ta Arewa na wancan lokaci, dukansu 'yan APC a lokacin, sun fito fili sun soki wannan tsari. Maganar ta fi yawo ne a harabar majami'u da masallatai da zaurukan WhatsApp na dangi, wuraren da babu wata manhajar ƙidaya da ke iya leƙawa.

Haka zance ke tafiya a Mubi. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko na Jami'ar Jihar Adamawa zai ga bidiyo a TikTok ko Facebook, ya tura zauren 'yan unguwarsu. Wani ya saurara, ya naɗi muryarsa da Hausa ko Fulatanci, ya ƙara nasa sharhi. Kafin magariba saƙon ya isa teburin mai shayi, ya shiga tashar mota da kasuwar shanu, inda mutum goma ke sauraron waya ɗaya. Da dare kuma a gwada shi da abin da sashen Hausa na BBC ya faɗa. Saƙon murya ba ya buƙatar iya karatu ko Turanci, kuma mai sauraro ya fi ba shi gaskiya saboda ya san wanda ya turo.

Abin da ake tattaunawa ma ya bambanta, domin ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka ƙwace Mubi, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, jama'a suka tsere zuwa Yola da Kamaru, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. An kai harin ƙunar baƙin wake masallaci a Nuwamban 2017, aka sake kai wani a ranar 1 ga Mayu 2018. Mutumin da ya taɓa barin gidansa da ƙafa, tambayar farko da yake wa ɗan takara ita ce ta tsaro. Ta biyu ita ce ta kasuwa. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya takura cinikin shanu da hatsi, wanda ya dogara da kuɗi hannu. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma ya ɗaga kuɗin mota tsakanin Mubi da Yola.

Wannan hanya ta isar da saƙo tana da haɗarinta. Yadda take ɗaukar gaskiya da sauri, haka take ɗaukar ƙarya, kuma ba a san inda za a bi a gyara ba. Mutanen Adamawa sun ga haka a ranar 16 ga Afrilu 2023, lokacin da Kwamishinan Zaɓe na jihar, Hudu Yunusa-Ari, ya ayyana Sanata Aishatu Dahiru Binani a matsayin wadda ta lashe zaɓen gwamna alhali ba a gama tattara sakamako ba. Bidiyon ya karaɗe wayoyi kafin hukumar INEC ta soke sanarwar, sai bayan kwana biyu aka bayyana Ahmadu Umaru Fintiri. A garin da ke da tabo irin na Mubi, 'yan sa'o'i na ruɗani sun isa su tayar da hankalin unguwa guda.

Yanzu da Atiku ya fice daga PDP a watan Yulin 2025, haɗakar 'yan adawa kuma ta rungumi jam'iyyar ADC, zancen 2027 ya soma ɗumi a wayoyi. Hadimin da ke son kai wa maigidansa rahoto mai amfani sai ya tuna cewa cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a 2023, kimanin kashi 27 cikin 100 ne kawai suka fita zaɓe. Masu rubutu a X ƙalilan ne cikin waɗannan, waɗanda suka zauna gida kuwa babu dandalin da ya tambaye su dalili. Wanda ke son sanin ra'ayin Mubi sai ya nemi mai jin Hausa da Fulatanci, ya tambayi farashin buhun masara da kuɗin mota, ya kuma zauna a kasuwar shanu ranar da take ci.