Wasan Sada Zumunci: Me Ya Sa Manyan Ƙungiyoyi Ke Karawa Da Ƙanana?

Duk mai sauraron labarin wasanni a rediyo ya saba jin ana cewa ƙungiya kaza ta buga wasan sada zumunci da ƙungiya kaza, domin shirin kakar wasa mai zuwa. Sau da yawa ɗaya ƙungiyar babba ce, wadda 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai ƙwallo, kuma albashi ake biyansu a kai. Ɗayar kuwa ƙarama ce, ta gari ko ta unguwa ko ta makaranta. Sai mutum ya tambayi kansa, shin me babba zai ƙaru da shi in ya kara da wanda bai kai shi ba? In kuma aka lallasa ƙaramar, abin kunya ne? Wannan shi ne abin da za mu yi muku bayani a wannan wata. Za mu kafa misali da wani wasa da aka yi a Abuja a shekarar 2008, wanda har yanzu Kanawa da dama ba su manta da shi ba.

Ranar Da Pillars Ta Kara Da Portsmouth

Shekarar 2008 ta farin ciki ce ga magoya bayan Kano Pillars. An kafa ƙungiyar a 1990, amma sai a 2008 ta fara zama zakarar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya. Ko'ina ka bi a Kano sai ka ji ana "Sai masu gida!"

A can Ingila kuma akwai wata ƙungiya mai suna Portsmouth, ta wani gari da ke bakin teku a kudancin ƙasar. Ita ma a shekarar ta yi abin a zo a gani. A ranar 17 ga Mayu ta ɗauki Kofin FA a filin Wembley na birnin Landan, bayan ta doke Cardiff da ci ɗaya mai ban haushi. Wanda ya ci ƙwallon kuwa ɗan Nijeriya ne, wato Nwankwo Kanu, kuma wani ɗan Nijeriyar, John Utaka, shi ya bugo ƙwallon daga gefe.

To, a ƙarshen watan Yuli na shekarar sai Portsmouth ta zo Nijeriya tana shirin sabuwar kaka. A ranar 26 ga wata ta kara da Pillars a babban filin wasa na Abuja, ta ci Pillars 5 da nema. Washegari kuma ta sake shiga fili da Manchester United, wadda a lokacin ita ce zakarar Ingila kuma zakarar Turai. United ta yi nasara da ci 2 da 1.

A wannan karawa dai Pillars ita ce ƙaramar ƙungiya, duk da cewa a gida ita ce sarauniya. Kuma kada mu yaudari kanmu, Portsmouth ta fi ta ƙarfi. Ta fi ta kuɗi, ta fi ta kayan horo, ta fi ta likitoci da masu kula da abincin 'yan wasa. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Mako uku bayan wasan Abuja aka fara gasar Firimiya ta Ingila, kuma a wasanta na farko Chelsea ta zura wa Portsmouth 4 da nema. A 2010 bashi ya yi mata katutu, aka cire mata maki 9, ta faɗo daga rukunin manya.

Ita kuwa Pillars da aka yi wa dariya, a 2009 ta shiga gasar zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda take riƙe da kofin a lokacin. Suka yi kunnen doki 1 da 1 a Nijeriya, suka sake yin 2 da 2 a birnin Alƙahira. Da yake dokar gasar ta fifita wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawarsa, sai Pillars ta wuce, Al Ahly ta koma gida. Pillars ba ta tsaya ba sai da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. Daga baya ma ta sake lashe gasar Nijeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

Ashe ke nan wanda ya dubi 5 da neman nan ya ce ya san abin da zai faru a gaba, ya yi kuskure.

Me Babbar Ƙungiya Take Nema?

Manomi ya fi kowa gane wannan. Ba wanda yake jiran ruwan shuka ya sauka sannan ya fara sharar gona. Kuma wanda ya sayi sabbin shanun huɗa yakan ɗaura musu garma tun da bazara, su saba da juna, su saba da muryar mai kora. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka abin yake ga 'yan ƙwallo. In kaka ta ƙare sukan tafi hutu na wasu makonni. Jiki yakan yi nauyi, numfashi yakan ragu. In suka dawo sai a sa su sansani kamar mako biyar ko shida, ana gudu, ana motsa jiki, ana koyon dabaru. Amma gudu kaɗai ba ya nuna wa mai horarwa komai. Ɗan wasa yana iya zagaya fili sau ashirin, amma in aka sa shi gaban abokin hamayya minti talatin sai ka ga yana haki. Dole sai an buga wasa na gaske, da alƙali, da 'yan kallo.

Shi ya sa akan fara da ƙananan ƙungiyoyi, sannan a hau zuwa manya. Mai horarwa yana so ya ga sabon ɗan wasan da aka sayo, ko zai iya fahimtar abokansa. Yana so ya gwada yaran da suka taso daga ƙaramar ƙungiyarsu. Wani lokaci ma yakan ɗauki mai buga baya ya kai shi tsakiya don ya ga yadda zai yi. A wasan gasa ba zai yi gangancin haka ba, domin nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1, faɗuwa kuwa babu ko ɗaya, kuma aikinsa yana rataye a kan makin nan. A wasan sada zumunci babu maki, babu kofi.

Ku tuna fa Portsmouth ta buga wasa biyu cikin kwana biyu a Abuja. A gasa ba a yin haka, sai an ba 'yan wasa kwanaki su huta. Abin da yake sa a iya yi a wasan sada zumunci shi ne dokar canji. A da mutum 3 kawai ake canzawa a wasan gasa, tun daga 2020 aka mai da su 5. Amma a wasan sada zumunci na ƙungiyoyi, dokar ƙwallo ta yarda a canza fiye da haka, muddin ɓangarorin biyu sun amince da adadin kuma an sanar da alƙalin wasa kafin a take leda. Saboda haka kana iya ganin mutum 11 sun buga kashin farko, bayan hutun rabin lokaci wasu 11 daban su shigo.

Akwai kuma maganar kuɗi. Ƙungiyoyin Turai ba sa hawa jirgi su zo Afirka ko su tafi Amurka da Asiya don zumunci kawai. Masu shirya wasan sukan biya su, su kuma suna neman sabbin magoya baya masu sayen rigunansu. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma yana da kyau mai sayen tikiti ya san abin da yake saye.

Ita Ƙaramar Fa, Me Za Ta Samu?

Yanzu bari mu juya maganar. In Pillars ko Katsina United ko Wikki Tourists ta Bauchi ta nemi ƙungiyar garinku da wasa, to ku ne kuka zama ƙanana, su kuma sun zama Portsmouth ɗinku.

Abu na farko da yaranku za su samu shi ne ilimi. Yaron da ya saba yanka kowa a filin makarantar firamare, ranar zai gane cewa ƙwararru ba sa riƙe ƙwallo. Taɓawa ɗaya ko biyu, sun miƙa wa na gaba. Zai ga yadda masu tsaron baya suke tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya, da yadda mai tsaron gida yake yi musu magana ba ya shiru. Irin wannan ba a koyonsa ta rediyo, gani ya kori ji. In aka ci su 5 ko 6, ba abin kunya ba ne. Mai horar da su ya tara su washegari, su bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, su ga inda aka bi aka ci su.

Na biyu shi ne ido. Masu horar da manyan ƙungiyoyi ba sa zuwa ƙauye kullum. Ranar irin wannan wasa ita ce ranar da za su ga yaranku. In wani ya burge su, sukan kira shi gwaji a sansaninsu. Amma a nan sai an yi hattara, domin inda ake rabon alheri nan macuta suke taruwa. Akwai masu yawo suna kiran kansu dillalan 'yan wasa, su ce wa uba ya sayar da gona ko saniya za su kai ɗansa Turai. Ƙungiyar gaskiya ita take biyan ɗan wasa, ba ɗan wasa ne yake biyanta ba. Ku dubi Ahmed Musa. Daga wata makarantar koyon ƙwallo a Jos ya taso, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta Jos ɗin, sannan ya zo Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010. Bayan nan ne ya tafi ƙasar Holan. Hawa-hawa ya bi, kuma a kowane mataki jama'a sun ga aikinsa da idonsu.

In kuma har aka kai ga takarda, kada yaro ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Yarjejeniyar ɗan wasa tana ɗauke da yawan shekarun da zai yi, da albashinsa, da wanda zai ɗauki nauyin magani in ya ji rauni. In da Turanci aka rubuta, a kai wa malamin makaranta ko malamin ajin yaƙi da jahilci ya karanta ya fassara a gaban iyaye. Kuma yaro ya riƙe tasa takardar, kada a bar shi hannu wofi.

In Wasan Zai Zo Garinku

Babban abin da manyan ƙungiyoyi suke tsoro a irin wannan wasa shi ne rauni. Ɗan wasan da aka kashe kuɗi aka sayo, in ya karye a wasan da babu maki, an yi asara biyu. Tsoron nan yana da tushe. Wasu yaran sukan shiga fili da nufin a ce su ne suka tare wane, sai su riƙa sa ƙafa da mugunta. Wannan wauta ce. Ba mai horarwar da zai ɗauki yaron da ya karya masa ɗan wasa, kuma ƙungiyar ba za ta sake dawowa garin ba. Ƙafar ɗan ƙwallo ita ce gonarsa, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Shi ma fili yana karya mutum. Tun daga 2023 ana fara gasar Nijeriya tsakanin Agusta da Satumba, wato shirin kaka yana faɗowa tsakiyar damina ke nan. Lokacin ruwa ya zaizaye fili, dabbobi sun tattaka shi, ga ramuka ciyawa ta rufe. Sai matasa su yi gayya kwana biyu ko uku kafin ranar, a cike ramuka, a tsince duwatsu da kwalabe, a sare ciyawa, a ja layi da toka ko farar ƙasa. Doka ta ce tsawon fili kada ya gaza mita 90, faɗinsa kuma kada ya gaza mita 45. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. A kewaye filin da igiya, a bar tazara tsakanin layi da 'yan kallo, domin yara sukan kutsa ciki in an ci ƙwallo.

A sanar da dagaci da hakimi da ofishin 'yan sanda tun da wuri. A nemi ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi ya zauna a bakin fili da kayan ɗaurin rauni, a kuma tanadi mota ko da za a bukaci kai wani babban asibiti. A tanadi ruwan sha mai tsabta. Alƙalin wasa kuma a nemo mai takardar shaida daga hukumar ƙwallo ta jiha ko ta ƙaramar hukuma. Kada a ba ɗan gari usur don kawai yana da farin jini, domin daga nan rigima take farawa.

Maganar kuɗin ƙofa ita ce ta fi raba zumunci. Tun kafin ranar, shugabannin ƙungiyoyin biyu su zauna su rubuta nawa ne kuɗin shiga, wa zai tsaya a ƙofa, wa zai biya man motar baƙi da abincinsu, kuma yaya za a raba abin da ya saura. Kowa ya sa hannu. A cikin takardar nan kuma a rubuta yawan canjin da aka yarda da shi da tsawon wasan. Ƙa'ida dai minti 45 sau biyu ne, amma ana iya ragewa in ɓangarorin biyu da alƙali sun amince kafin a fara. In za a take leda bayan sallar la'asar, kuma ga hadari yana haɗowa, minti 35 ko 40 sau biyu ya isa, a tashi kafin magariba, baƙi su kama hanya da sauran haske.