Ƙafa 2,400 Ko Ƙafa 400: Yadda Kalma Ɗaya Ta Kayar Da Jirgi

Akwai wani labari da nake buɗe darasin nazarin furuci da shi kowace shekara a jami'a. A ranar 19 ga Fabrairun 1989, wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 na kamfanin Flying Tiger na Amurka ya taso daga Singafo ya nufi Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Da ya kusato, jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage ya umarce shi da ya sauko zuwa ƙafa 2,400, amma sai ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya da Turanci: "descend two four zero zero." Mai karatu ya san cewa a bakin Bature, "two" mai nufin biyu da "to" mai nufin zuwa, sautinsu ɗaya ne. Saboda haka abin da kunnen kyaftin ya ji shi ne "sauko zuwa 400." Ya amsa da cewa "okay, four zero zero," jami'in kuma bai gyara masa ba. Jirgin ya ci gaba da gangarowa, na'urar gargaɗi tana ta kururuwa cewa ƙasa ta yi kusa, har ya daki wani tudu a tsayin ƙafa 437. Mutane 4 da ke ciki duka suka rasu.

Kowane harshe yana da irin waɗannan tagwayen kalmomi. A Hausa, garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, tsayin wasali kaɗai ya raba su, amma ba mu rikicewa, domin sauran zancen yana warware mana wanda ake nufi. A rediyon jirgi kuwa, zance gajere ne, murya tana zuwa cikin ƙara, ba a ganin fuskar mai magana, kuma kusan duk saƙon lambobi ne. Idan lamba ɗaya ta suɓuce, babu abin da zai cike gurbinta.

Me ya sa lambar take da nauyi haka? Sararin samaniya a wurin ma'aikatan jirage hawa-hawa ne kamar bene. Kowane jirgi ana ba shi nasa hawan, a mafi yawan lokaci tazarar ƙafa 1,000 ce tsakaninsa da na sama ko na ƙasa da shi, kuma ba ya hawa ko sauka sai da izini. Ƙa'idar ba da iznin tana da matakai uku: jami'i ya faɗa da kalmomin da aka tsara, matuƙi ya maimaita abin da ya ji, jami'i ya saurari maimaicin ya tabbatar ko ya gyara. A Kuala Lumpur duka ukun sun samu tangarɗa. Da jami'in ya ce "ƙafa dubu biyu da ɗari huɗu" kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ko da ya lura cewa lambobi uku aka mayar masa maimakon huɗu, da jirgin ya sauka lafiya.

Shekaru 7 bayan haka, a ranar 12 ga Nuwamban 1996, aka yi wanda ya fi wannan muni a kusa da garin Charkhi Dadri, yamma da Delhi a ƙasar Indiya. An ba wani jirgin Kazakistan mai shigowa izinin saukowa zuwa ƙafa 15,000, aka ba jirgin Saudiyya mai tashi izinin hawa zuwa ƙafa 14,000. Jirgin Kazakistan ya zarce hawan da aka ba shi, suka yi karo a sama, mutane 349 suka rasa rayukansu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Lahoti ya ɗora laifin a kan wannan saukowa ba da izini ba, ya kuma danganta ta da ƙarancin Turancin matuƙan, waɗanda suka dogara da mai kula da rediyo yana isar musu da saƙo.

Irin waɗannan haɗurra ne suka sa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta fitar da ma'aunin ƙwarewar harshe a 2003. Ma'aunin yana da matakai 6, kuma dole matuƙi ko jami'in da ke aikin ƙasa da ƙasa ya kai mataki na 4. An sa wa'adin Maris na 2008, daga baya aka ƙara wa ƙasashe lokaci zuwa Maris na 2011. Tun kafin nan ma, an sauya furucin wasu lambobi da gangan: uku ta zama "tree," biyar ta zama "fife," tara ta zama "niner," don kada biyar da tara su yi kama a rediyo.

Wannan mataki ne mai kyau, amma ina da ja da masu ganin cewa iya Turanci shi ne maganin matsalar gaba ɗaya. Kyaftin ɗin jirgin Flying Tiger Ba'amurke ne, a cikin Turanci aka haife shi. Sau da yawa ma wanda ya ƙware a harshe shi ne yake yanke kalma, ya yi sauri, ya amsa da "okay" a inda ake bukatar cikakken maimaici. Bugu da ƙari, mu masu nazarin harshe mun san cewa kunne yana jin abin da zuciya take sa ran ji. Matuƙin da ya saba samun wani hawa a wata hanya zai iya jin sa ko da wani aka faɗa masa, jami'in da ke jiran amsa daidai kuma zai iya jin daidai a cikin kuskure. Shi ya sa hawa na 100 da na 110 suka yi ƙaurin suna wajen rikita ma'aikata, har a Birtaniya aka koma kiran na farkon da "one hundred" maimakon jero lambobinsa. Yanzu ana aika wasu umarnin a rubuce ta na'ura, musamman a kan tekuna, amma a kusa da filayen jirage, inda cunkoso ya fi yawa, murya ce har yau take aiki.

Abin ya shafe mu, domin jiragen da ke kwasar alhazanmu daga Kano ko Sakkwato suna ratsa ƙasashe da dama, kowace da nata karin Turancin. Ina ganin ya kamata masu horar da matuƙa da jami'an hasumiya, irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, su ba darasin saurare nauyi daidai da na magana, su riƙa saba wa ɗalibai da muryoyin al'ummai daban-daban, su kuma jawo malaman harshe cikin aikin. Sannan a cire wa matasanmu kunyar cewa "maimaita, ban ji ba," ko da da babba suke magana. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata. Tambayar ba ta ɗaukar daƙiƙa biyar, kuma ita ce ba a yi ba a Kuala Lumpur. Allah Ya kiyaye mu, Ya kai matafiyanmu lafiya.