Ƙashi a ƙarƙashin madubin likita: a jiƙa shi a asid ko a yanka shi da taurinsa?

Mutumin Abala da ƙashinsa ya kumbura ya ƙi sacewa, in maɗori ya gaza, asibitin Filinge yake nufa, daga can a tura shi Yamai. Idan likitan fiɗa ya gutsuro ɗan ƙashin don a gano ko ciwon daji ne ko ƙwayar cuta, aiki ya koma hannun ma'aikacin ɗakin gwaji. Kafin haske ya ratsa tsoka a madubi, sai an yanka ta siririya, maikiron 4 ko 5, abin da kaurin gashin kai ya ninka sau goma ko fiye. Ƙashi kuwa dakusar da wuƙa yake yi. Hanya biyu ake bi, kowace da abin da take nunawa da abin da take ɓatarwa.

Ta farko ita ce a narkar da kalsiyam. Bayan an tsoma ƙashin a fomalin, sai a jiƙa shi a asid har ya yi laushi. Asid ɗin naitirik yana da sauri, amma in aka bari ya wuce lokaci yakan lalata cibiyar ƙwayoyin halitta. Na fomik ya fi sauƙin hali, EDTA kuwa ya fi duka kiyaye tsoka, sai dai yakan ci makonni. Daga nan a binne shi a kakin farafin, a yanka, a rina da hematozilin da iyosin: cibiyoyi su yi shuɗi, sauran su yi jaja-jaja. Da wannan ake gane dajin ƙashi, da tarin fuka da ya ci ƙashin baya, da ruɓar ƙashi da ke wahalar da yara masu sikila.

Guringuntsi ma ta nan ya fi bayyana. Rinin Safranin O yana kama sinadarin da ke riƙe ruwa a cikinsa, ya mai da shi ja, kuma a gaɓar da ta fara zaizayewa jan yakan koɗe tun daga sama. A nan ake son ma'aikaci mai lura, domin asid mai ƙarfi shi ma yana iya wanke wannan sinadari. Marini da zanensa ya fito a koɗe ya san sai ya duba ko laifin zanen ne ko na karofi.

Hanya ta biyu ba ta taɓa kalsiyam. Ana dasa ƙashin cikin roba mai tauri, a yanka da babbar na'ura mai wuƙar tangistin. Rinin da Julius von Kossa ya fitar a 1901 ruwan azurfa ne: a zuba, a sa a haske, duk inda ma'adini ya zauna ya yi baƙi ƙirin, sabon ƙashin da bai ƙosa ba ya tsaya daban a gefe. Na Goldner, na 1938, yana ba ƙosasshen ƙashi kore, ɗanyen kuma ja. Har saurin ginin ƙashi ana aunawa: majinyaci ya sha tetrasaikilin sau biyu da tazarar kusan mako biyu, sai layi biyu masu ƙyalli su fito, a auna tsakaninsu. Asid shafe waɗannan layukan yake yi, ya kuma sa ɗanyen ƙashi da ƙosasshe su kusa zama launi ɗaya.

Ba mu rasa cututtukan da ke bukatar wannan bambanci ba. A Jos, binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke lanƙwasa ƙafafun yara da dama, ba rashin bitamin D kaɗai ba. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan famfo mai yawan fuloraid da aka fara sha a 1985 ya nakasa yara masu ɗimbin yawa.

Duk da haka ni hanyar asid nake ba gaba. Yaron da ƙafafunsa suka lanƙwashe, hoton wuyan hannu da gwiwa da gwajin jini sun isa a gane cutarsa, kuma a Tibiri awon ruwan sha ne ya fi kome muhimmanci. Amma kumburin da ake zargin daji ne ba shi da wata amsa tabbatacciya sai a madubi, kuma farafin da rini biyu suna bayar da ita da kuɗi kaɗan. Hanyar roba tana da tsada da jinkiri. Cibiya ɗaya a babban asibitin koyarwa ta wadatar, musamman don masu wankin ƙoda da ƙashinsu ke raunana.

Abin da nake roƙon likitan da ke aiko samfur daga nesa shi ne ya rubuta tambayarsa ƙarara a takarda. In taushin ƙashi yake zargi, ya faɗa, a ware wani yanki a barasar gwaji kafin sauran ya shiga asid, domin kalsiyam ɗin da ya narke ba ya dawowa.